Feshin da Ka Sa Aka Yi a Bayan Gidanmu

Zuwa ga ƙanena Khadak, a Doha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya ba ka lafiya, ya tsare ka daga zafin ƙasar da kake da wahalar aikinta. Mu nan ƙauye damina ta ja baya, tamba ta fara nuna, baunarmu ta haihu lafiya. Jikin mahaifiyarmu Ama ne kawai ba daɗi, kuma a kansa na ɗauki biro, raina a ɓace ƙwarai.

Ranar Talata Ama ta ɗauki awartakinta na gora ta zagaya bayan gida ta tsinko ganyen sisnu, ciyawar nan mai harbin hannu, kamar yadda take yi tun kafin a haife ka. Ka san ba ta yarda da wani maganin ciwon gwiwa ba in ba miyarsa ba. Ta ci da tuwon tamba, kafin yamma sai amai kamar za ta amayar da hanjinta. Mijina Tilak ne ya goya ta a kwando har asibitin Baglung, tafiyar awa uku, aka kwana biyu ana ƙara mata ruwa. Likita ya tambaya ko ta taɓa maganin feshi, na rantse masa gidanmu ba ma feshi. Da muka dawo na tarar ganyen duk ya ƙone, na titsiye maƙwabcinmu Homnath. Ya ce kai ka kira shi a waya ka sa shi fesa maganin ciyawa, wai surukanka 'yan birnin Pokhara za su zo bikin Dashain, kada su ga sisnu su ce cimar matsiyata muke ci. Shi ya ɗauka ka gaya mana.

Khadak, yaushe ka zama haka? Shekarar da Baba ya rasu, me ya riƙe cikinka in ba wannan ganyen ba? Kullum hannun Ama a kumbure da harbinsa, kai kana miƙo kwano a ƙara maka. Yau ka shiga jirgin sama, shi ne ya zama abin kunya. Surukin naka da kake wa rawar jiki, matarka da bakinta ta ce mini garin sisnu yake saya a kanti yana sha da ruwan zafi saboda hawan jini!

Abin da ya fi ƙona mini rai, Ama ta san kai ne. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce ai ita ce ta tsinko mugun ganye, ido ya tsufa. Matar da duk ƙauyen nan ke zuwa wurinta tambayar ganye, yanzu a bakin famfo ana cewa ta fara ruɗewa, jiya ma wata ta hana jikarta karɓar magani a hannun Ama. Ama ta hana ni faɗa, ni kuma ba zan iya shiru ba. Ka kira ta ka ba ta haƙuri, in ka zo kuma ka faɗi gaskiya a gaban mutane, ko ni in faɗa a gaban surukanka.

Ka gaida Kawu Netra da abokinka Dhan. Tilak da yara suna gaishe ka. Ama ma tana gaishe ka daga kwance, ta ce in tambaye ka ko kana samun abinci mai kyau a can.

Yayarka,
Kaushila