Rigarka a Gonar Gero

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya Fatakwal, yaya iyali? Mu nan lafiya lau, sai tsadar hatsi. Ɗan geron da ya tsira daga farin bana kuma tsuntsaye sun sa shi gaba.

Shi ya sa na haɗa mutum-mutumi, na saka masa tsohuwar rigarka shuɗiya. Ina ɗaura shi na tuna littafin nan mai ban tsoro da kake fassara mana a gindin tsamiya, na masanin da ya harhaɗa mutum da hannunsa, da abin ya motsa sai masanin ya gudu ya bar shi. Mu dodon muke tsoro, kai kuwa kana cewa abin tausayi ne, rashin mai waiwayarsa ne ya lalata shi.

Ran Laraba da la'asar Inna ta biyo ta gona. Ka san idonta ya yi rauni. Ta hango rigar, ta saki ƙwaryarta ta ce, "Habu, kai ne?"

Yaya, tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunanka ba, saboda kunyar ɗan fari. Da ta gane ba kai ba ne, sai ta gyara wa mutum-mutumin wuyan riga ta wuce.

Ka zo, ko na kwana biyu ne. Ka sa mu a addu'a, ka gai da yara. Inna ba ta ba da saƙo ba, amma yanzu kullum ta gona take bi.

Ƙanenka,
Isiya