Layukan da Na'ura Ba Ta Bugawa

Zuwa ga aminina, Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, wadda na san ba za ka amsa ba, ina sanar da kai cewa kwamfutarka tana hannuna. Mai ɗakinka Binta ce ta aiko min da ita bayan ta fita takaba, ta ce in ƙarasa littafinka na lissafi da Hausa, a buga wa yaran makarantarku ta Gagarawa. Ni da na shekara goma ina maka dariya a kan littafin nan, ni aka naɗa magaji.

Ka tuna abin da ya raba ka da masu buga takardu na bakin tasha? Ka rubuta "jarrabawa ta ƙare", suka bugo maka "jarrabawa ta kare". Ka yi rantsuwa ba mai ƙara cire wa harafinka ƙugiya.

Daga nan ka samo manhajar nan ta tsara rubutun littafi, LaTeX. Kwana uku kana sauke ta a Maigatari, sabis yana tsallaka iyaka yana dawowa kamar ɗan fasa-ƙwauri. Ka ce kyauta ce, wasu bayin Allah da ba su san da zaman Gumel ba suka haɗa ta, suka ce kowa ya ɗiba. Na ce kyautar da sai mutum ya yi furfura kafin ya iya ta, ai gara a sayar masa. Ka ce, "Jahili, rijiya ce. Guga ne naka."

To, na koyi jan gugan, a makare. Yanzu na san idan na manta alamar baka guda a rubutu, sai manhajar ta tsaya cak ta zazzaga min faɗa da Turanci. Halinku ɗaya.

Abin da ba ka taɓa gaya min ba shi ne alamar nan ta %. Ashe duk layin da ya fara da ita, na'ura tsallake shi take yi, ba ya fita a takarda. Kai kuwa ka cika littafin da su.

A babi na biyu ka rubuta: "% Sani zai ce misalin raƙuman nan ya yi tsawo. Kada a kula shi." A na biyar: "% A tambayi Sani yadda ake cewa wannan da Hausa, amma kada a nuna masa ya fi ni sani." Na yi dariya ni kaɗai a zaure, har na juya gefen da kake zama don in rama.

Ga gaskiyar da ta sa na ɗauki alƙalami. Babi goma sha ɗaya na gyara, sun fito tas. Saura na ƙarshe, kuma wata biyu ke nan ban buɗe shi ba. Duk sanda Binta ta aiko, sai in ce na'ura ce ta ƙi. Ba ta ƙi ba, Habu. Ni ne na san idan na karanta layukan da ke ciki, ba sauran wata magana taka da ban ji ba a duniya.

Jiya ta zo da kanta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi an kusa komawa makaranta, kuma tana so ta ga sunanka a bango tun idonta yana gani. Na rasa inda zan sa fuskata.

Saboda haka gobe bayan sallar walha zan buɗe shi. Idan tsiya ka bar min a ciki, na gode. Idan ba ka bar komai ba, wannan ma sai mun haɗu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane yaro da ya gane lissafi ta dalilinka ya zame maka sadaka mai gudana. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Naka, wanda bai shirya ba,
Sani
Gumel