Man Kaɗen Inna

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya maigidan da yara? Da fatan tarin Ummi ya sake ta. Mu nan Ajingi lafiya, sai sanyi.

Yaya, cikina wata huɗu da sati biyu, kuma bayan maigidana ke kaɗai na faɗa wa. Tun shigowar sanyi fatata ta bushe, ƙaurina har ya tsattsage. Na karanta rubutun jikin mayukana, tsoron kada su cutar da jaririn ya sa na ajiye su duka. Digirin nan da na yi fargaba ya ƙara min. Kunya kuma ta hana ni tambayar Inna.

Ranar Juma'a na je gida Kademi. Inna ta ga ina susa. Da zan tafi ta miƙo min gwangwanin man kaɗe tana kallon gefe, ta ce, "Ki rage zafin ruwan wanka, ki shafa tun jikinki da danshi. Shi na shafa ina da cikinki."

Ashe ta sani, Yaya! Na nuna wa ungozomar asibiti man, ta ce babu laifi. Yau kwana biyar, ƙaiƙayin ya lafa.

Ki yi min addu'a Allah Ya raba lafiya. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Hafsatu