Minti Hamsin, Tambaya Sittin

Litinin, 3 ga Fabrairu
Auta ta kawo takardar gwajin da Malamin darasinsu ya yi musu. Tambaya sittin, minti hamsin. Ta amsa ashirin da takwas, duka daidai, sauran ko taɓa su ba ta yi ba. Makarantar kimiyyar da take kwana take tashi da maganarta ba ta ɗaukar mai ƙasa da arba'in da biyar, kuma ba ta ɗaukar wanda ya wuce shekara sha biyu. Auta za ta cika sha biyu a Yuni. Bana ne ko babu.

Saura kwana arba'in a yi jarrabawar shiga. Kaina ciwo yake.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Na rufe shago na je wurin Malam. Wai yarinyar ba ta da matsalar ƙwaƙwalwa, matsalarta agogo. In ta haɗu da tambaya mai wuya sai ta kafe a kanta har sai ta ga bayanta, alhali masu sauƙi na gaba suna jiranta. Ya ce ya faɗa mata ta tsallake har bakinsa ya gaji. Na ce to aikinsa ke nan, ni ɗinki na iya. Ya yi wani murmushi da bai yi mini daɗi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Talatin. An samu ƙarin biyu, sai a buga ganga.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Na ajiye mata tebur kusa da kekena, na ɗora agogo a gabanta don in gani da idona. Allah Ya ba ni haƙuri. Takardar amsar 'yan zagaye ne da ake cikewa da fensir. Yarinyar nan cike kowane zagaye take yi kamar mai surfani. In fensir ya ɗan leƙa waje, sai ta ɗauki magogi ta goge, ta hure, ta share da gefen hannu, ta sake. Na ƙirga, zagaye ɗaya sau uku. Na taka keke da ƙarfi don kar in yi magana, har zare ya tsinke.

Babansu ya leƙo ya ce a bar yarinya ta sha iska, makarantar unguwa ma makaranta ce. Shi dai ko gini ne ya faɗo sai ya ce ai an samu fili.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Na ƙwace magogin. Ta yi kuka, ta yi talatin da ɗaya, ta ƙi cin abinci. Ni ma ban ci ba, amma ban bari ta gani ba.

Talata, 25 ga Fabrairu
Yau na yi abin da ban so ba. Minti tara tana kan wani lissafin jirgin ƙasa biyu da suka tashi daga gari biyu. Na buga tebur na ce ta wuce shi, jiragen su yi karo in sun ga dama. Ta ɗago, ido jawur.

"Umma, ke kika ce ba a wuce aikin da bai yi daidai ba. Kin sa na farke kalmasar ɗankwalina sau huɗu."

Na ce wannan daban. Ta ce ina bambancin. Sai na kore ta ta je ta wanke fuska.

Sau huɗun gaskiya ne. Tana shekara bakwai. Har alfahari na yi ta yi da labarin a gaban masu kawo ɗinki.

Juma'a, 28 ga Fabrairu
Ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Haushinta nake ji, da na Malam, da na wanda ya zauna ya yanke cewa minti hamsin ne ma'aunin ɗan mutum.

Laraba, 5 ga Maris
Rigunan makaranta goma sha biyu na karɓa, za a ɗauka ranar Asabar. Auta na zaune da littafinta, ashe ni take kallo. Can ta tambaye ni me ya sa duk rigunan ba su da kwala. Na ce kwala ce mai cin lokaci, in na tsaya kan ta farko ba zan gama ba. Sai in haɗa jiki da hannu na duka, in jefa su kwando, in dawo kan kwala a ƙarshe.

"To ai tsallakewa kike yi, Umma."

Shekara ashirin ina yin haka, ban taɓa kiran shi tsallake ba. Kuma ban taɓa nuna mata ba. Farkewa kawai na koya mata.

Na ce ta ɗauko takardar gwaji. Duk tambayar da ta ƙi, ta ɗiga mata fensir a gefe ta ce kwala ce, ta wuce. Ta yi arba'in da ɗaya. Duk sa'ad da za ta wuce sai ta waiwayo, kamar mai sata.

Asabar, 8 ga Maris
Arba'in da shida. Malam ya aiko wai hanyarsa ta fara aiki. Hanyarsa. Na bar shi da Allah.

Talata, 11 ga Maris
Ta koma talatin da tara. Ta sake kafewa kan wata. Na fita bayan shago na yi tsaki son raina, na dawo na mayar mata da magoginta.

Asabar, 15 ga Maris
Da safe muna shirin fita zuwa jarrabawar kalmasar siket ɗinta ta saki. Na hau keke a tsaye na bi ta sau ɗaya, muka ruga.

Minti hamsin a bakin ƙofa cikin iyaye, kowa na faɗin ƙoƙarin ɗansa. Da ta fito ba ta yi gudu ba, ta zo ta tsaya tana kallon fuskata irin kallon wanda ya fasa kofi.

"Na bar kwala shida. Na dawo na yi huɗu. Biyu ban koma ba, Umma, lokaci ya ƙare."

Na ce biyun su zauna nan, ba namu ba ne. Ta daɗe tana kallona, wai ko wasa nake.

A mota ta ɗaga gefen siket ɗin ta nuna mini. Ɗinkin ya karkace, tun daga aljihu har baya, ko mai koyo ba zai yi haka ba. Ta ce in mun isa gida za ta ɗauko mini reza. Na ce ta bari tukuna.

Sakamako sai Mayu. Siket ɗin yana rataye a ƙusa, na wuce shi sau uku yau. Ba wai na ƙyale shi ba ne, aiki ne ya yi mini yawa.