Rasuwar Malam Ɗan'inna Aujara da Gyaran Kuskurenmu kan Lamba 318

Cikin alhini, Ƙungiyar Tsofaffin Ma'aikatan Jirgin Kwal, mai ofishi a Dutse, ta samu labari yau Talata, 14 ga Satumba 1999, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, daga bakin 'yarsa Malama Hindatu, cewa Allah Ya yi wa dattijonmu Malam Ɗan'inna Aujara rasuwa jiya bayan la'asar, aka yi masa sutura kafin magariba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya yi shekara ashirin da takwas yana aikin fita, wato gyaran injin jirgi, a layin Kano zuwa Nguru, daga 1951 zuwa 1979. Da hannunsa aka sauya tukunyar tururin wani kan jirgi da ma'aikata ke kira Mai Tari, aka rage masa tsawon bututun hayaƙi, a 1963.

Wajibi ne mu faɗi abin da ya fi mana nauyi. A taronmu na 6 ga Maris, Malam ya ce Mai Tari shi ne lamba 318, bayan gyaran ne aka mayar da shi 742. Ni mai sa hannu a wannan takarda, wata biyar kacal da kama aiki, na miƙe da rajista a hannu na ce jirage biyu ne daban, domin a layi biyu na ga an rubuta su. Aka yi dariya. Wani ya ce tsufa ne. Malam ya ce, "Ɗana, lamba riga ce, ana sauya ta. Ni tarinsa na sani." Kwamiti ya bi maganata, aka cire shaidarsa daga ɗan littafin tarihin da muka buga. Bai ƙara zuwa taro ba.

Ranar 2 ga Agusta, Baba Choji, wanda ya yi aikin zuba kwal a wannan jirgi, ya kawo hoton da aka ɗauka bayan gyaran: 742 a jiki da sabon fenti, 318 a buge a ƙarfen ƙasa. Kwamiti ya umarce ni in je Aujara in ba da haƙuri. Na tsaya jiran a buga takardar ban haƙurin da keken rubutu, na yi ta gyara kalmominta. Kwana arba'in da biyu ban je ba.

Saboda haka Ƙungiya na sanar da jama'a cewa Malam ne mai gaskiya, kuma za a mayar da shaidarsa da sunansa. Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya ba mai ɗakinsa Hajiya Indo da 'ya'yansa bakwai haƙurin rashi, su kuma yafe mana.

Abin da har yanzu ba mu sani ba:
Shekarunsa na haihuwa, domin takardunsa sun saɓa.
Inda Mai Tari ya ƙare.
Ko labarin hoton ya isa kunnensa.
Ko ya yafe. Malama Hindatu ta ce bai taɓa tayar da maganar a gida ba.

Abdulrauf Muslim Miga
Jami'in Yaɗa Labarai, a madadin Kwamiti