Lemonka a Ɗakin Inna

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan Faskari sai godiya.

Iyakwandishan da janaretan da ka aiko wa Inna sun iso. Kwana ɗaya ta yi a ɗakin, ta ce sanyin na shigar mata ƙashi. Sai ta kwaso lemon da ka shuka a gwangwanaye ta jera su cikin ɗakin, bakin taga, don zafin bazara ya fara ƙona su, ita kuma ta koma rumfa. Na ce, "Inna, don ke aka sayo." Ta ce, "Bar su, mai su zai zo ya dasa."

Ka gaida Hajara, ku sa mu a addu'a. Damina ta kusa, Yaya, har Inna ta sa an gina ramuka.

Ƙanwarka,
Binta