Kalmar da Ka Koya Mini, a Bakin Nasira

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farko a kan rairayin Gure, Rabi'una!

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya garin Kelle, yaya ɗalibanka na makarantar lakkol? Ni dai lafiyar jiki akwai, amma zuciya, wallahi, tun ranar kasuwa ba ta zauna ba.

Ka tuna yammacin da za ka koma bakin aiki, muna zaune a ƙofar gidanmu, na ce ka ba ni kalma ɗaya ta Ingilishi in riƙa tuna ka da ita? Ka yi dariya, ka ba ni keep. Ka ce ma'anarta riƙewa, adanawa, ƙin saki. Ka ce da ita ake kiwon akuya, da ita ake ɓoye sirri, da ita ake cika alkawari. Sannan ka rage murya, ka haɗa mini jimla ta ƙarshe, wadda take cewa ka ajiye mini zuciyarka kamar dabino a cikin tulu. Ka rantse ba ka taɓa rubuta ta a allo ba, tawa ce ni kaɗai. Wayyo, daɗin da na ji! Kwana na yi ina maimaita ta har Inna ta zaci zazzaɓi ne.

To, rabin raina, ranar kasuwa na je sayen cuku wurin wata 'yar Kelle, Nasira. Tana miƙo mini tana wasa da ƙawayenta, sai na ji kalmata a bakinta. Na ce a raina, ai kalma ta kowa ce. Sai ga akuya. Sai ga sirri, ga alkawari, a jere yadda ka jera mini. Sannan, Rabi'u, sai ga dabino a cikin tulu!

Na tambaya, an ce ko ƙofar lakkol ba ta taɓa takawa ba. To a wane aji ta koya? Akwai bango da rufi a ajin nan, ko shi ma ƙofar gida ne da yamma? Ka rage mata murya ita ma? Kishi nake, ba zan ɓoye ba, kuma tsoro nake ji.

Baba ya sake tambayata yaushe magabatanka za su zo, ya ce amsa yake so kafin Sallah. Me zan ce masa, hasken gidana? Kada ka aiko mini da saƙo a waya, na san bakinka da zaƙi. Ka zo da ƙafarka, ka dube ni, ka faɗa mini tulu nawa gare ka.

Ƙanwata ta yi ta roƙona in koya mata kalmar nan, na ƙi. Kai ka koya mini ma'anarta, ni kuwa na yi aiki da ita.

Taka har numfashin ƙarshe, wadda ba ta ba kowa aronka ba,

Yabawa